Likitar da ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku ta ajiye aikin

Assalamu alaikum Gwaggo. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin lokaci ya ƙure mini. Na daɗe ina karanta filin nan naki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan zauna in rubuto ba. To ga shi abin ya zo kaina, kuma duk wanda na faɗa wa a gida sai ya yi murmushi ya ce rigimar masu ciki ce kawai.

Shekarata talatin da tara, malamar firamare ce ni, 'yan aji uku nake koyarwa. Ina da ciki wata takwas, na huɗu ke nan, shekara tara bayan haihuwar wanda har yau muke kira Auta. Mun riga mun rabar da kayan jarirai, har ɗan gadon an yi kyauta da shi, sai ga wannan ya shigo ba sallama. Na yi murna, wallahi na yi. Babbar 'yata ce dai, mai shekara goma sha shida, ta yi kwana biyu ba ta haɗa ido da ni, wai kunya take ji a ce uwarta na da ciki.

Damuwata a kan likita ce. 'Ya'yan nan uku duk a hannun mace ɗaya suka faɗo duniya. Mu masu zuwa awo wurinta Mama Likita muke ce mata, har nas-nas ɗin ma da haka suke kiranta. Lokacin cikin fari ban ma san da ita ba, a wani asibiti daban nake awo. Wata rana da la'asar ina dawowa daga makaranta a motar haya, da littattafan yara a cinyata, sai faya ta fashe. Direba ya rikice, fasinjoji kowa na faɗin tasa, ya taka burki a ƙofar asibitin da ya fara gani. Wani ɗan ƙaramin gini ne, da bishiya guda a tsakar gidan. Ita ce ke bakin aiki ranar. Ta leƙo ta saman tabarau ta dube ni, ta dubi littattafan da na ƙi saki, ta ce in miƙa wa nas ta ajiye mini, jarrabawar yau tawa ce ba ta yara ba. Ina cikin ciwo sai da na yi dariya. Tun daga ranar ban sake zuwa wurin kowa ba.

Gwaggo, in na rufe ido yanzu ina ganin wurin nan kamar jiya. Dogayen bencina biyu a baranda, da fanka mai ƙara kamar za ta faɗo mana a ka, da sikelin da sai nas ta yi ta tura ƙarfe gaba da baya kafin ta faɗi nauyinki da ƙarfi kowa ya ji. Mata su yi ta tsokanar juna, wannan ta ce wa waccan tagwaye ne, waccan ta ce a mayar mata da bakinta. In layi ya zo kanki kika shiga, Mama Likita sai ta murza tafukanta sun yi ɗumi kafin ta taɓa miki ciki. Tana da wani ɗan ƙaho na ƙarfe da take ɗorawa ta kara kunne, ta lumshe ido, tana buga yatsa a gwiwarki daidai da bugun zuciyar ɗan. Da haka na fara jin zuciyar kowanne daga cikin 'ya'yana, a gwiwata. In kin yi ƙaryar kina shan maganin ƙarin jini, ta ja fatar idonki ƙasa ta duba, ta tsare ki da ido har sai kin tona kanki da kanki. Katina ruwan ɗorawa ne, duk rubutun hannunta ne a ciki, amma ba ta buƙatar buɗe shi. Ta san bayana ke fara ciwo kafin mara. Ta san ni ba mai ihu ba ce, in na yi tsit to abin ya kai.

A haihuwar Auta ne na san ko wace ce ita. Yaro ya fito lafiya, mabiyiya ma ta faɗo, ana cikin barka sai jini ya ɓalle mini. Na ji ɗakin yana nisa, muryoyi kamar daga ƙasan rijiya. Abin da nake tunawa shi ne hannunta a kan marata tana murzawa da ƙarfi, tana ba nas-nas umarni ba tare da ta ɗaga murya ba, kuma tana cewa in lissafo mata sunayen 'yan ajina ɗaya bayan ɗaya, duk inda na tsaya ta ce saura wa. Sai da aka ƙara mini jini leda biyu. Ranar sallama ta zauna a bakin gadona ta ce in Allah ya sake ba ni ciki in zo da wuri, kuma kada in yarda in haihu a inda babu jini a kusa. Na ce mata ai na gama. Ta ce haka kowa ke faɗa a wannan gadon.

Duk haihuwar nan uku Innata ce ke zaune a bencin waje, da jakarta a cinya da filas ɗin shayi a gefen ƙafarta, ba ta motsawa sai ta ji kukan jariri. Har sabo suka yi da Mama Likita, in ta fito sai ta tsaya su taɓa hira a kan ciwon gwiwa. Inna ta rasu shekara uku ke nan. Ban san me ya sa na kawo wannan ba, ki yi haƙuri, hannuna ne ya rubuta.

Yanzu komai ya canza. An haɗe ƙaramin asibitin da wani babba mai hawa huɗu, tsohon ginin kuma ya zama shagon sayar da tayil, an sare bishiyar. Sabon wurin tsaf yake, ba ni da abin kushewa. Kujerun ƙarfe a jere, sanyin na'ura, allo a bango yana nuna lambar wadda za ta shiga, kowace mace kanta a kan waya. Mama Likita tana nan, amma ranar Laraba kawai take duba masu awo. Ina wata biyar ta gama auna ni, ta ce in zauna akwai magana. Ta miƙo hannuwanta biyu a kan tebur ta ce in duba. Rawa suke yi, Gwaggo, 'yar rawa kaɗan wadda in ba ki lura ba ba za ki gani ba. Ta ce shekara guda ke nan da ta daina shiga ɗakin haihuwa, ita ta cire kanta, ba wanda ya cire ta. Ta ce likitoci shida ne ke karɓa-karɓa, wanda naƙuda ta same shi a bakin aiki shi zai karɓe ni, kuma biyu daga cikinsu ita ta koya musu aiki. Na fashe da kuka a gabanta kamar yarinya, mace da 'ya budurwa. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta miƙo mini hankici.

Wata Larabar da na je ba ta nan, sai aka tura ni wurin ɗaya daga cikin shidan. Saurayi ne, in aka ce yana cikin yaran da na fara koyarwa ba zan yi musu ba. Bai yi mini rashin kunya ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce in zauna. Amma idonsa na kan kwamfuta, yana tambayata daga farko kamar yau aka haife ni, haihuwa nawa, ɓari nawa, an taɓa samun matsala? Na ce a raina wai ni ce zan zauna ina ba wannan yaron labarin ranar da na kusa tafiya, yana danna maɓalli. Sai na ji bakina ya ce babu matsala. Ya rubuta, ya ce madalla. Na fito.

Tun daga nan awo biyu ban je ba. Maigidana bai sani ba. Ranar Laraba ina ɗaukar katina in fita kamar gaske, in je shagon ƙanwata in zauna ina taya ta ninke yadi har lokacin dawowa ya yi. Ita ƙanwar tawa cewa take ina da shagwaɓa, ita 'ya'yanta biyu ko fuskar likitocin ba za ta iya tunawa ba. Maigidana kuwa makaniki ne, da na fara yi masa ƙorafi sai ya ce likita likita ne, duk wanda ya iya aiki in ya buɗe inji zai gane. Na ce to me ya sa in mai motar da ya saba gyara wa ya kai ta wani gareji ya dawo, shi maigidan yake kwana yana mita an ɓata masa aiki? Ya yi dariya ya ce na ci shi, amma bai canza magana ba.

Ga abin da nake saƙawa. Akwai wata tsohuwar ungozoma da ta yi aiki da Mama Likita a tsohon ginin, ta yi ritaya, layi biyu ne tsakaninmu. Tana wurin ranar haihuwar Auta. Na je na roƙe ta ta karɓe ni a gida, ta yi jim ta ce in bari ta yi tunani. In wannan bai yiwu ba, ina so in je har gida in durƙusa wa Mama Likita, in ce ta yi mini wannan ɗaya kawai, na ƙarshe. Na san tana jin nauyina, ina ganin ba za ta iya ce mini a'a ba. Maigidana ko maganar haihuwa a gida ba ya so a yi, sai ya tashi ya bar ɗakin.

Gwaggo, na san ni ba yarinya ba ce, na san abin da nake yi ba daidai ba ne. Amma in na tuna zan kwanta a gadon nan, ƙofa ta buɗe, baƙuwar fuska ta shigo, ba wanda ya san ni a ciki, ba kowa a benci a waje, sai jikina ya yi sanyi. Laifi ne in roƙe ta? Ko kuwa da gaske rigimar ciki ce ke damuna? Ki faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi.

Taki,
Malamar aji uku

Amsar Gwaggo

Wa alaikumus salam, Malama. Ba rigima ba ce, kuma ba shagwaɓa ba ce, ki gaya wa ƙanwarki in ji ni. Macen da ta taɓa jin ɗaki yana yi mata nisa tana da hujjar tsoron ƙofar ɗakin. Kina da gaskiya kuma cewa sabo yana da amfani a haihuwa. In mace ta yarda da wanda ke kanta, jikinta yakan saki, ta faɗi abin da take ji ba kunya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ba zan ce miki ki share shi ba.

Amma tunda kin ce in faɗi gaskiya, ga ta. A duk wasiƙarki abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kalma biyun da kika faɗa wa saurayin nan, babu matsala. Kina tsoron likitan da bai san ki ba, ya tambaye ki don ya san ki, kika rufe masa ƙofa. Ba mu san ko tsohon katinki ya shiga kwamfutarsu ba. In bai shiga ba, yanzu haka a rubuce yake cewa ke ba ki taɓa samun matsala ba, kuma da wannan rubutun za a tare ki ranar naƙuda. Macen da jini ya taɓa ɓalle mata akwai shirin da ake yi mata tun kafin ta zo, a san rukunin jininta, a duba ko ya yi ƙasa, a ajiye magani a kusa. Sai an sani ake shirin. Don haka wannan satin, kada ma ki jira Laraba, ki koma awo, ki ce kina so a gyara bayaninki. Ba wanda zai ci ki tara. Sun saba jin mace ta dawo ta ce akwai abin da ban faɗa ba.

Maganar haihuwa a gida ki cire ta daga ranki gaba ɗaya. Ba ni na fara hana ki ba, likitar da kike ƙauna ce ta hana ki a bakin gadonki shekara tara da suka wuce. Ita ma ungozomar, jim ɗin da ta yi amsa ce. Tana wurin ranar, ta ga abin da ke ba ki gani ba. Nauyinki take ji, kada ki sa ta a tsaka mai wuya. Maigidanki kuma da yake tashi ya bar ɗaki, ki tuna shi ma yana da nasa tunanin ranar, ina kyautata zaton a tsaye yake a waje ana wucewa da ledar jini ta gabansa. Tsoro ne, ba taurin kai ba. Yau ɗin nan ki zaunar da shi ki faɗa masa inda kike zuwa ranar Laraba. Zai ji haushi, haushin zai wuce, sannan ya raka ki da ƙafarsa.

Mama Likita kuwa, kada ki durƙusa mata da wannan buƙata. Macen da ta dubi hannunta ta ajiye aikin da ta ba wa rayuwarta, ba tare da an ce ta ajiye ba, ta yi abu mai wuya, kuma don irinku ta yi. In kika matsa mata, ko dai ta ce a'a ku rabu da ciwon zuciya, ko ta ce to ta shiga da hannun da ita kanta ba ta yarda da shi ba. Amma akwai abin da za ki roƙe ta wanda za ta yi da farin ciki. Ta rubuta miki takarda guda, taƙaitacciya, abin da ya faru a haihuwar Auta da abin da aka yi miki, har da cewa ke in kin yi tsit to abin ya kai. Kwafi ɗaya a fayil, ɗaya a jakar haihuwarki, ɗaya a aljihun maigida. Ki ce ta haɗa ki da biyun nan da ta koyar, ko gaisawa ce ku yi. Ki tambaye ta ko asibitin zai yarda a kira ta a waya in kin shiga, ki ji muryarta. In sun yarda, madalla. In ba su yarda ba, takardar ta isa ta yi magana a madadinta.

Ki kuma tuna yadda kuka haɗu. Ba ke kika zaɓe ta ba, direba ne ya taka burki. Ranar ita ma baƙuwar fuska ce da ta buɗe ƙofa ta shigo, ba ta san bayanki ke fara ciwo ba, ba ta san komai naki ba. Daga baya ta zama Mama. Ban ce saurayin nan zai zama kamarta ba, wataƙila har abada idonsa ya fi son kwamfuta. Amma iya aiki ba ya jiran sabo, kuma mafi yawan awannin naƙuda nas-nas da ungozomomi ne a kanki, ki je ki ga ɗakin, ki gaishe su, ki tambayi ko ana barin mutum ɗaya ya zauna tare da ke.

Kin ce ba ki san me ya sa kika kawo maganar Inna ba. Ni na sani, 'yata. Wannan ce haihuwarki ta farko babu ita, kuma rabin kukan da kika yi a gaban likita nata ne. Wannan babu jadawalin asibitin da zai gyara shi. Ki yi kukanki, ki yi mata addu'a, sannan ki zaɓi wadda za ta zauna miki. Ƙanwar nan mai baki ta ɓoye ki a shagonta Laraba biyu ba ta tona ki ba, ina ganin za ta iya.

Kafin ranar, in kin ga jini, ko ruwa ya zubo, ko ciwon kai mai tsanani, ko ganinki ya dushe, ko motsin ɗan ya ragu, ki tafi asibiti nan take, ko wane ne a bakin aiki. Naƙuda na farawa kuma ki kama hanya, kada ki zauna a gida kina jira ta yi nisa.

Ni ɗana na biyu wani likita ne ya karɓe shi, ban taɓa ganinsa ba kafin ranar, ban sake ganinsa ba bayanta. Ɗan ya zo da igiyar cibiya a wuya, mutumin ya warware ta, ya ɗora mini shi a ƙirji, aka kira shi wani ɗakin ya fita da sauri. Ko sunansa ban samu na tambaya ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina sa shi a addu'a, da wannan bawan Allah nake kiransa, kuma na tabbata tana isa inda aka aike ta.

Allah ya raba ku lafiya, Malama, ya haɗa ki da hannu mai albarka, ya ji ƙan Inna, ya ba Mama Likita sauƙi. Ki tashi ki ɗauko katinki.

Gwaggo